Kayanku Sun Shirya, a Zo a Karɓa

"Sakan goma."

"Rabin sakan."

"Yaya Injiniya, sakan goma za ka sa."

"Auta, ni za ki koya wa aiki? Ranar da na fara taɓa kwamfuta, ke ko takalmi ba ki iya sawa daidai ba. Rabin sakan na ce. Duk na'urar da zan yi wa magana ta wuce rabin sakan ba ta amsa ba, ba ta da tarbiyya."

"To in ba ta amsa ba fa?"

"A katse, a sake kira."

"Sau nawa?"

"Har sai ta amsa."

"Sau uku ake sawa, kuma ana ɗan sararawa tsakani."

"Sau uku na ragwaye ne."

A ɗakin baya na shagon wankin Mama muke wannan ja-in-ja. Kwamfutarsa na buɗe a kan teburin guga, Baba Mai Guga kuma yana tsaye da dutse a hannu tun hantsi, yana jiran a ba shi wurinsa.

"Injiniya," in ji Baba Mai Guga, "in ka gama horon na'urar, ina da riga talatin a nan. Su tun jiya suke jira, ba su katse kowa ba."

Injiniya mijin yayata ne. Babu wanda ya ba shi sunan nan, shi ya buga wa kansa a kati. Kwas ɗin mako uku ya yi, kuma yayata ta ce mako biyu ya halarta. Yana da tabarau wanda ba na magani ba, sai ya tura shi sama da yatsa kafin ya ce "a kimiyyance", kuma ba ya jimla uku bai faɗa ba. Ni shekarata biyu ina karanta rubuta manhaja, amma a wurinsa har yau ni ce yarinyar da ke kawo masa ruwa lokacin da yake zuwa zance.

Abin da ya jawo duk wannan, manajan otal ɗin da ke bayan tasha ne. Shekara huɗu Mama tana neman wankin otal ɗin nan, har inji na biyu ta sayo saboda shi. A ƙarshe Manaja ya aiko da zanin gado arba'in na gwaji, ya ce shi abu ɗaya ke damunsa da masu wanki: ba a sanin lokacin da kaya suka shirya, direba ya zo ya koma hannu wofi. Ya ce zai zo da kansa ranar Asabar ƙarfe goma sha ɗaya. In ya gamsu, duk wankin otal namu ne. In bai gamsu ba, ga sabon shago mai ƙofar gilashi a tsallaken titi.

Injiniya na zaune yana shan shayi lokacin da Mama ke ba mu labari. Ya ajiye kofi, ya tura tabarau.

"Mama, ku bar mini wannan. A kimiyyance, kwana uku ya yi yawa."

Mama ba ta yi masa magana kai tsaye, ko da yana gabanta. Sai ta dube ni.

"Ki tambayi mijin yayarki, abin ba ya kama da wuta?"

Shirin nasa, in an cire surutun, ba laifi. Ya yi hayar wata kwamfuta a can wata uwa duniya, wadda ake kira saba, ya ɗora mata manhaja. In kaya sun shirya aka danna sunan mai su, sabarmu za ta tuntuɓi sabar kamfanin da ke aika saƙon waya ta hanyar da ake kira HTTP. Kamar kiran waya ne: ka nemi adireshi, ka nuna makulli don a san kai ne, ka miƙa saƙo, ka jira amsa. In an ce ɗari biyu, an karɓa ke nan. Lokacin jiran amsar nan muke faɗa a kai.

Ranar Alhamis ya yi kiran farko. Amsa ta dawo: ɗari huɗu da ɗaya.

Ya kishingiɗa a kujera. "Kin gani? Ɗari biyu ake nema, ni ninki suka ba ni har da gyara."

"Yaya, cewa suke ba su san ka ba. Ba ka sa makulli a saman saƙon ba."

"Na sani. Tsaronsu nake gwadawa."

Ni na buɗe mana rajista a kamfanin da lambar Mama, don haka na ɗauko makullin na liƙa masa inda ya kamata. Ya danna. Kafin ƙiftawar ido amsa ta dawo, ɗari biyu. Ya miƙe ya fita har da gyara wuyan riga, ya je ya gaya wa Mai Kemis da ke maƙwabtaka da mu cewa ya haɗa shagon surukarsa da duniya.

Da ya dawo na ce, "Wannan fa adireshin gwaji ne. Shi nan take yake cewa ya karɓa, don ba ya aika komai. Na gaskiyan sai ya miƙa saƙon tukuna, yana ɗaukar sakan biyu ko uku. Mu gwada da lamba ɗaya."

"Gwaji na masu shakka ne."

Daga nan ya canza kalmar sirrin sabar, wai kada hannun ɗalibai ya taɓa masa aiki. Sannan ya ƙara wata karramawa: duk saƙon da aka aika wa wani, a aika wa Mama kwafi, don ta riƙa ganin aiki da idonta.

Ranar Asabar ya zo da kwat. Ƙarfe tara da rabi ya tara mu a gaban kanta, ni da Mama da Baba Mai Guga, ya zaɓi duk mutum sittin da sunansu ke cikin littafin shago, ya haɗa da Manaja.

"Rabin zanin otal ɗin fa yana cikin inji," na ce.

"Kafin ya iso sun bushe. Mama, ku yi bisimilla, tarihi za a kafa."

Ya danna.

Allon ya fara zubo jan rubutu layi-layi: lokaci ya ƙare, an sake kira, lokaci ya ƙare, an sake kira. Injiniya ya haɗe rai.

"Mutanen nan ba su tashi daga barci ba."

Sai jakar Mama da ke kan kantar shagon ta ce tin. Ta ƙara cewa tin. Daga nan ta ɓarke, tin-tin-tin-tin, jakar ta fara tafiya da kanta tana nufar bakin kanta. Baba Mai Guga ya tare ta da gwiwar hannu.

Ba a yi minti biyu ba Mai Kemis ya faɗo shagon da waya a sama.

"Na ji! Wallahi na ji! Riga ɗaya ce tal na kawo, kuma bango ɗaya ne tsakaninmu, ko tari kuka yi zan zo. Ga shi nan, 'Kayanku sun shirya, a zo a karɓa.' Sau goma sha tara. Ashirin. Hajiya, me na yi muku?"

"Ba daga nan ba ne," in ji Injiniya. Ya juya masa allon. "Duba da kyau. Ja ne duka. A kimiyyance, ko saƙo ɗaya bai fita ba. Wayarka ce ke da matsala."

"Wayata ce ta san na kawo wanki?"

Mama ta dube ni. "Ki tambayi mijin yayarki me ke faruwa."

Ban tambaye shi ba. Na ɗauki hangar rataye kaya biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

"Mama, wannan sabarmu ce, wannan ta kamfani." Na tura tabaran da ba ni da shi, na kumbura murya. "'Salamu alaikum, Injiniya ne. Ga saƙo, a kimiyyance a kai wa Mai Kemis.'" Na koma hangar hagu, na yi muryar tsohon akawu mai sanyin jiki. "'To ranka ya daɗe, na karɓa, ga shi na aika, bari in rubuta maka shai…' 'Ba ka da tarbiyya!' Ƙit, ya katse. 'Salamu alaikum, Injiniya ne. Ga saƙo.' 'Af, wani kuma? To na karɓa, na aika, bari in…' 'Ba ka da tarbiyya!' Ƙit. 'Salamu alaikum…'"

Mai Kemis ya dafa kanta yana dariya wayarsa na kuka. Baba Mai Guga ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Mama ba ta yi dariya ba, amma na ga ta ciji leɓe.

"Saƙon yana tafiya," na ce. "Amsar ce ba ka tsayawa ka ji. Ka tsayar da shi."

"Wasan yara," in ji Injiniya. "Na gano matsalar. Layukan ne suka yi kaɗan. Layi biyar kawai na buɗe, shi ya sa suke cunkushewa."

"Yaya, kar ka…"

Ya mayar da biyar hamsin.

Jakar Mama ta daina cewa tin, ta koma wani dogon kuka kamar ƙararrawar makaranta.

Wani dattijo ɗan fansho ya shigo da sandarsa, da ledar kayan da na ba shi da hannuna minti goma da suka wuce.

"'Yata, na karɓi kayana na kama hanya, sai aka ce in zo in karɓa. Na ce ko akwai saura."

"Babu saura, Baba. Ka yi haƙuri, kuskure ne."

Ya tafi. Ko kwanar layin bai sha ba ya juyo.

"Sun sake cewa in zo. Ni ba na son a ce an kira ni na ƙi."

Na ba shi kujera. Ya zauna, duk saƙon da ya shigo sai ya ɗaga waya ya ce, "Ga ni nan ai."

Bayansa direban tasi ne, ya faka a bakin ƙofa da fasinja a ciki. Ya ce taswira yake bi a waya, saƙonmu ya rufe hanyar, sau uku yana zagaya shatale-tale ɗaya. Fasinjan ya leƙo ta taga ya ce sau huɗu ne. Sai mai aski, da almakashi a hannu. Sai wata malamar asibiti da ta ce ita kayanta tun makon jiya ta karɓa. Kafin ƙarfe goma shagon ya cika har waje, kowa da waya a hannu, kowace waya da irin kukanta.

Sannan wata mata ta ratso taron da jariri yana tsala ihu. Ba ta yi sallama ba.

"Waye mai aika saƙon?"

Mutum wajen goma suka nuna mata da baki.

"Awa biyu ina jijjiga yaron nan kafin ya yi barci." Ta danƙa masa jaririn a kan kwat. "Riƙe. Kai ka tashe shi, kai za ka kwantar."

Ta nemi wuri kusa da ɗan fansho ta zauna, ta harɗe hannu.

Injiniya ya ɗora jariri a kafaɗa. Zufa ta fara bin tabarau yana zamewa. Ya ce, "Jama'a, a kwantar da hankali. Yanzu zan kashe."

Ya sa hannu ɗaya ya rufe kwamfutar, ƙwaf.

Wayoyi suka ci gaba.

"Yaya, manhajar ba a nan take ba. Tana kan saba."

"Na sani! Saura ne a cikin waya." Ya waiga, ya hango babban makunnin wutar shago a bango. Kafin in buɗe baki ya ja shi ƙasa.

Fanka ta tsaya. Fitila ta mutu. Injin wanki biyu suka yi wani nishi suka tsaya cak, ruwa cike, zanin otal a ciki.

Wayoyi suka ci gaba.

"Injiniya," in ji Baba Mai Guga cikin duhu-duhun, "ka kashe kowa ban da mai laifin."

Na mayar da wuta, na buɗe kwamfutar. Rufewar da ya yi ta fitar da shi daga sabar, yanzu kalmar sirri take nema.

"Faɗi, in rubuta."

Ya ci gaba da jijjiga jariri.

"Yaya, kalmar sirrin."

"Ai ba irin wadda ake haddacewa ba ce. Harafi ashirin da huɗu ne. A kimiyyance, ko ni ban isa in fasa ta ba."

"To ina ka rubuta?"

"A takarda."

"Ina takardar?"

"A aljihun wandona."

Kowa ya dubi wandonsa.

"Ba wannan ba. Shuɗin." Idonsa ya tafi a hankali ya sauka kan injin wanki na biyu. "Da safe na ga tunda dai injin zai juya…"

Mama ta zauna a kan buhun garin sabulu. Ba ta ce a tambayi kowa komai ba.

Daidai nan taron ya dare, Manaja ya shigo, direbansa a baya. Mutum ne mai sanyin magana, farar riga, ba ya ɗaga murya. Aljihunsa na gaba yana rawa kamar an saka masa tsuntsu.

"Hajiya, barka da aiki. Ƙarfe goma sha ɗaya muka yi, amma na ga ana ta nemana, na ce ko lafiya."

"Lafiya lau, ranka ya daɗe," Injiniya ya riga kowa, da jariri a kafaɗa. "Ni ne injiniyan. Abin da kake gani ƙarfin tsarin ne. Muna ɗan daidaita shi."

"Kayan sun shirya?"

"A kimiyyance…"

"Rabi sun shirya," in ji Mama. "Rabi suna ciki."

Baba Mai Guga ya zubar da ruwan injin, ya buɗe ƙofa. Ya jawo zanin gado na farko. Da safe fari ne tas. Yanzu ya koma kalar sararin sama, da ɗigo-ɗigon farar takarda manne a jiki. Ya jawo na biyu, na uku, sai ga wandon ya biyo baya, ƙafa ɗaya ta naɗe da rigar filo. Baba Mai Guga ya sa yatsa a aljihu, ya lakato wani abu kamar kunu, ya miƙa wa Injiniya a tafin hannu.

"Ga sirrin."

Injiniya ya kai ido kusa. "Wannan kamar bakwai ce."

Ni dai na bar su, na zaro wayar Mama daga jaka. Ta yi zafi kamar dutsen guga. In ba za a iya shiga sabarmu ba, ana iya soke makullin daga wajen kamfanin, sai su daina karɓar kiranmu. Na buɗe shafinsu a wayata, suka ce sun aika lambar shiga zuwa wayar Mama, minti ɗaya take aiki.

Wayar da saƙo ke zubo mata kamar an buɗe famfo.

Ta farko ko ganinta ban yi ba. Ta biyu na hango ta ta wuce sama da gudu, kafin in kamo ta lokaci ya ƙare. A ta uku Mai Kemis da mai aski da direban tasi suka kewaye ni, kai da kai.

"Ga ta can!"

"A'a, wannan 'Kayanku' ce."

"Tsaya, tsaya! Huɗu, tara…"

"Ɗaya ce, ba tara ba!"

"Kai da ka zagaya shatale-tale sau huɗu, kai za ka gaya mini lamba?"

Na shiga. Na soke makullin.

Kukan wayoyi ya fara raguwa, nan ɗaya, can ɗaya, har shagon ya yi tsit. Jaririn ma ya yi shiru ya kama kunnen Injiniya. Can sai aljihun Manaja ya ce tin, na ƙarshe.

Manaja ya ciro wayar ya duba, ya mayar.

"Hajiya, sau ɗaya na roƙa a gaya mini, in kaya sun shirya. An gaya mini sau ɗari da tamanin da bakwai, kuma ba su shirya ba." Ya ɗaga gefen zanin ya sake shi. "Ɗakunanmu farare ne."

"A ba ni zuwa gobe, ranka ya daɗe. Zai fita."

"Na san zai fita. Aikinki ba shi da laifi." Ya dubi Injiniya daga tabarau har takalmi, ya juya wajen direbansa. "Kwashe duka, da busassun da jiƙaƙƙun."

Babu wanda ya motsa daga shagon. Muna tsaye mu duka, mutum wajen talatin, muna kallon direban ya ɗauki baho cike da shuɗin zani yana ɗiga, ya tsallaka titi, ya tura ƙofar gilashin nan da ƙafa. Ya dawo ya ɗauki na biyu. Matar ta tashi ta karɓi ɗanta. Ɗan fansho ya tambaya ko yanzu an sallame shi.

Mama ta miƙe daga kan buhun, ta karkaɗe zaninta. Na gyara tsayuwa ina jiran a ce in tambayi mijin yayata. Ba ni ta duba ba. Shekara shida da auren nan, yau ta fara sa idonta cikin nasa.

"Kai," ta ce. "Wancan ya tafi. Waɗannan da suka rage, da waɗanda ke gida, me zan ce musu?"

Injiniya ya cire tabarau ya goge a jiƙaƙƙen kafaɗar kwat ɗinsa, ya mayar, ya tura shi sama da yatsa.

"Ba sai kun ce komai ba, Mama. Auta ta ciro mini sabon makulli, yanzu-yanzu in aika wa kowa saƙon ban haƙuri."